Yadda na rabu da tramol, da yadda tsoron "kada a ji" ya kusa hana ni zuwa asibiti

Ni tela ne, a cikin birnin Kano nake aiki, kuma na ɗau shekaru ina shan tramol da kodin kafin Allah ya raba ni da su. Na faɗa ɓaro-ɓaro tun daga farko ne sabida nasan cikin masu karanta wannan akwai waɗanda suke cikin halin, ko su da kansu ko ɗansu ko ƙaninsu ko miji, kuma da yawansu ba rashin asibiti ne ya zaunar da su ba, tsoron kada unguwa ta ji ne kawai. To ni dai nawa an riga an ji, bari in faɗi yadda abin ya tafi.

Ba a majalisar 'yan daba na koya ba, a kan keken ɗinki na fara. Duk wanda yasan ɗinki yasan yadda goman ƙarshe ta azumi take, yadi ya taru har ba wurin zama, kowa na son nasa kafin daren sallah, wuta kuma sai tsakar dare ake kawowa, kai ga azumi ga ciwon baya. Wani abokin aiki ya miƙo min ƙwaya ɗaya bayan tarawi yace tana kashe gajiya, kuma wallahi ta kashe, na yi ɗinki har sahur banji komai a jikina ba. Nace daga sallah shikenan. Sai ga babbar sallah, sai ga ankon biki, sai ya zama ko ba aiki idan ban sha ba jikina baya min daɗi. Daga tramol mai miligiram 100 na koma mai 225, wadda ma doka bata yarda da ita ba a ƙasar nan, abinda aka amince a rubuta wa mara lafiya mai 50 ne da mai 100. Kodin kuma da daddare ya shigo, don tramol ɗin yana hana ni bacci, sai in juye a robar lemo in sha ba wanda zai gane. Da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan wani binciken BBC a kan shan kodin a Najeriya, kwalba bata ɓace ba, tsada kawai ta yi, ni abinda ya canza a wajena shine kuɗin da nake ƙonawa ya ninka.

Duk tsawon lokacin nan ba wanda ya sani a gida. Ina sallah a jam'i, ina cefane, ina kai wa Hajiya kuɗin magani. Amma ina jin yadda ake maganar masu shaye-shaye a tsakar gidanmu. Akwai wani yaro a layinmu da abin ya yi wa nisa, duk sanda ya wuce sai kaji ance Allah ya raba mu da haihuwar asara, wani yace irin waɗannan ai gara a haifi ɓari, ana faɗa ina zaune ina cin tuwo, ƙwaya na cikin aljihuna. Ba da mugunta suke faɗa ba na sani, tsoro ne irin na iyaye, amma duk ranar da na yi niyyar in samu Yaya in ce masa na shiga wani abu na kasa fita, sai waɗannan maganganun su dawo min, in ce a raina ashe ni ma sunana kenan idan suka ji. Sai in yi shiru, in ƙara sha don in manta na yi shiru.

Na sha gwada dainawa ni kaɗai. Da na kwana biyu ban sha ba sai zufa, sai hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, ciki ya ɓaci, ƙasusuwa kamar ana sara, ƙafafu su ƙi zama wuri ɗaya. A gida sai ace maleriya ce ko taifod, a kira mai kemis ya yi min allura, ni kuma nasan maganin ciwon yana nan bayan layi, naira kaɗan. In lallaɓa in sha, cikin awa ɗaya in miƙe garau, ace kai allurar nan tana da kyau.

Abinda ya tona asiri farfaɗiya ce. Ina cikin aiki a shago na yanke jiki na faɗi ina kakkafewa, kumfa a baki, har na ciji harshena. Aka kwashe ni zuwa gida. Nan fa kowa ya kawo tasa, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa aka yi min sabida kasuwata ta buɗe, aka kira mai ruƙiyya, aka kawo rubutu da hayaƙi. Kuma na lura da wani abu da har yau yake damuna, gidanmu sun fi samun sauƙi da ace aljani ne ya taɓa ni, don mai aljanu ana zuwa a duba shi a ce sannu a kawo kunu, ba wanda zai hana ƙanwarsa miji. Ɗan ƙwaya kuwa ba a zuwa masa sannu. Ni ma na lafe a bayan aljanun, na bari ana ta ƙona turare a kaina.

Yaya ne ya je shago ɗauko wayata ya buɗe durowar keke ya ga fankon sacet-sacet a ciki. Bai yi magana a gaban mutane ba, sai da dare ya shigo ɗakina ya rufe ƙofa ya ajiye su a kan katifa yace tun yaushe? Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, tun yaushe kawai yace. Na fashe da kuka na faɗa masa komai.

Washegari aka zauna, Hajiya da Yaya da kawunnina biyu. Kawu babba yace a kai ni gidan mari a kangare ni, yasan wani malami da yake gyaran irinmu. Ɗayan yace a tura ni ƙauye wajen dangi har maganar ta lafa. Hajiya ita kuka kawai take tana cewa don Allah kada maƙwabta su ji, akwai 'yan mata biyu a gidan da ba a aurar ba. Yaya ne ya tsaya kai da fata, yace kun manta abinda 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum sama da 300 aka fito da su daga gida ɗaya, da yawa da mari a ƙafa jikinsu duk tabon duka, bayan nan aka samu irinsa a Daura da Katsina. Yace Kawu da girmanka, amma yaron nan ciwo ne ya kama shi kuma asibiti za shi, hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar. Ni kuma da naji asibitin da ake nufi sai na tubure nace ni ba mahaukaci bane. Ai kun sani, a Kano idan ana so a ci mutuncin mutum cewa ake a kai shi Dawanau, a Kaduna ace Barnawa, a Sakkwato ace Kware, sunan asibiti ya koma zagi, alhali wuraren nan ne suke da likitocin da suka karanci wannan ciwon. A ƙarshe dai aka daidaita a kan za a je asibiti amma ba na kusa da mu ba, wani gari za mu tafi inda ba wanda zai gan mu a layi. Kunga kunya har kuɗin mota da na masauki ta ƙara mana, kuma ta sa Hajiya bata iya zuwa dubani yadda take so ba. Muka fita bayan asuba, aka ce wa maƙwabta olsa ce ta tashi za a je ganin likita.

A asibitin ba wani abin tsoro. Kati muka yanka kamar kowane asibiti, muka hau layi, nas ta gwada jini da nauyi, aka kira mu wajen likita. Ya ce Yaya ya ɗan jira a waje tukuna. Sai ya fara tambaya, me kake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, yaushe ka sha na ƙarshe, kana haɗawa da ƙwayoyin sa bacci irin su roci ko diyazefam, ka taɓa yin allura, kana jin muryoyi, ka taɓa tunanin kashe kanka. Yadda ake tambayar mai ciwon suga me ya ci da safe, haka yake tambayata yana rubutawa, fuskarsa bata canza ba. Na zo da shirin in rage adadin in ce biyu nake sha, sai yace min ranar wanka ba a ɓoyon cibi, idan ka rage min zan rage maka magani kai za ka wahala. Na faɗi gaskiya. Shi ne mutum na farko da ya ji adadin bai ce innalillahi ba. Ya bayyana min cewa farfaɗiyar nan tramol ce ta kawo ta, sananne ne idan aka sha da yawa tana sa mutum ya kakkafe ko da bai taɓa farfaɗiya ba a rayuwarsa. Aka yi gwajin fitsari, aka ɗebi jini aka duba hanta da ƙoda da ciwon hanta da ƙanjamau, sannan aka bani gado. Aka caje jakata, aka karɓe waya.

Makon farko ba zan ɓoye muku ba, azaba ce. Duk abinda na saba ji idan na daina a gida sai da ya zo, har da ƙari, ga wani tsoro da yake taso min haka kawai ba dalili, ga wani abu kamar wutar lantarki yana yi min zir a kai idan na juya ido. Na roƙi nas ta taimake ni da ko rabi ne, na yi fushi, nace a sallame ni. Bambancinsa da gida shine a nan an san me ke damuna, ba wanda yake min allurar maleriya, ana bani maganin gudawa da na ciwon jiki da wanda zai ɗan taimaka da bacci, ana lura ko farfaɗiya za ta dawo, kuma kullum akwai wani da ya riga ni zuwa da zai zauna bakin gadona yace ɗan uwa daure, na yi nawa, yana wucewa. Ya wuce ɗin kuwa. Jiki ya riga lafawa, bacci da ƙuncin zuciya su suka daɗe, na yi makonni abinci ba ɗanɗano, hira ba daɗi, likita yace ƙwaƙwalwa ce ta saba a kawo mata jin daɗi daga waje, sai a hankali za ta koma yin nata.

Inda kunyar ta fara sakina a zaman da muke yi ne na zagaye, a jera kujeru kowa ya faɗi nasa. Na shiga da tunanin 'yan jagaliya zan tarar. Sai ga ma'aikacin banki, ga ɗalibin jami'a, ga direban tirela, ga wani mai sikila da allurar kashe zafin ciwo da ake kira pento ta kama shi tun yana neman sauƙin ciwon ƙashi, ga wani dattijo mai jikoki da ya fara bayan haɗarin mota. Kowa da aka taɓa labarinsa iri ɗaya ne a wuri ɗaya, ya daɗe yana so ya faɗa ya rasa wanda zai faɗa wa. Mai kula da zaman ta gaya mana binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018, mutum miliyan 14.3 a Najeriya ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a shekara ɗaya, wajen miliyan 4.6 irin su tramol da kodin ne, kuma cikin duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Na waiga naga matan da ke jinya a wurin basu taka kara sun karya ba. Nasan dalili, nasan gidajen da ake shan kodin a ɗakin amarya ranar biki, mace ta gwammace ta mutu a ɗaka da ace an gan ta a layin wannan asibitin, don ita nata har 'ya'yanta sai ya bi.

A zaman nan aka koya mana mu gane abinda yake tunzura mu. Ni nawa gajiya ce, da kuɗi a hannu, da ɓacin rai, da wucewa ta wani lungu. Aka sa na rubuta me zan yi idan sha'awar ta taso, wa zan kira, ina zan je, don sha'awar bata daɗewa, tana tasowa ta kai ƙololuwa ta sauka idan ka jure mata. Kafin sallama aka kira Yaya da Hajiya aka zauna da su su ma, aka ce musu kada su zama 'yan sanda a kaina suna shinshina bakina, kuma kada su yi kamar ba abinda ya faru.

Dawowa gida ta fi kwanciyar wuya. Maganar olsa bata yi aiki ba, kowa ya ji. Wasu kwastomomi suka aiko a karɓo musu yadinsu ba tare da sun ce komai ba. Wani da ya kawo min ɗansa koyon ɗinki ya janye shi. Waya ta ɓace a majalisa, ba wanda ya kira sunana amma ido duk ya dawo kaina, daga baya aka gan ta a aljihun mai ita, ba wanda ya bani haƙuri. Abin mamaki lokacin da nake sha a ɓoye mutumin kirki ne ni a wajensu, sai da na je neman magani na zama abin gudu. Duk yaron unguwa da yake sha yana kallon abinda ya same ni, me kuke tsammanin zai koya? Ya ƙara ɓoyewa mana.

Na daina zuwa masallaci na ɗan lokaci, ina sallah a ɗaki. Liman ne ya aiko a kira ni. Na tafi ina jiran wa'azi, sai ya bani labarin sahabin nan da ake kawo shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sau da yawa a kan shan giya, har wani ya tsine masa, Annabi yace kada ku tsine masa, wallahi abinda na sani yana son Allah da Manzonsa. A wani hadisin kuma yace kada ku taimaki shaiɗan a kan ɗan uwanku. Dukkansu a Bukhari suke. Ya tuna min ita kanta giyar ba rana ɗaya aka haramta ta ba, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida aka bi a hankali. Bai ce abinda na yi daidai ne ba, yace haramun ne kuma ka cuci kanka, amma ka tuba ka nemi magani, saura namu. Bayan la'asar a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya miƙo min shadda yace Malam tela a yi min babbar riga da 'yar ciki. Ranar Juma'a ya saka ta. Wallahi wannan shaddar ta dawo min da kwastomomi fiye da duk wata rantsuwa da zan yi.

Ba wai ina neman a ce ba laifina bane. Na ci kuɗin mutane na kayan aiki, na yi wa Hajiya ƙarya ba adadi, kuma na bi waɗanda nake iya tunawa ɗaya bayan ɗaya na biya na nemi gafara, wasu sun yafe wasu har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu kuma haƙƙinsu ne. Wanda na cuta yana da damar yin fushi da ni. Wanda ban taɓa yi wa komai ba kuwa, ya tsallaka titi don kada mu gaisa, wannan ban ga me ya gyara ba.

Na koma sau ɗaya, kuma dole in faɗa don masu jinya su sani. Na nemi aure, magana ta yi nisa har an kai gaisuwa, da aka zo bincike wani ya ce musu tsohon ɗan ƙwaya ne har asibitin mahaukata ya kwanta. Aka dawo da kaya. A daren na bi ta lungun nan. Amma washegari da sassafe na buga wa Yaya nace na sha, abinda a da ba zan iya ba ko za a yanka ni. Muka koma wajen likita, wannan karon ma na kusa da mu muka nemi a mayar da fayil ɗina. Likitan yace komawa bata nufin jinyar ta lalace, bincike a Amurka ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu jinyar shaye-shaye suna komawa a wani lokaci, kusan daidai da masu hawan jini da asma da ciwonsu yake tasowa, gyara tsarin ake yi a ci gaba. Amma ya ja min kunne sosai a kan abu ɗaya, wanda ya daina na wata da watanni jikinsa ya manta, idan ya sha adadin da ya saba sha a da numfashi na iya tsayawa, mutane da yawa a nan suke mutuwa. Shi yasa wanda ya koma ya ɓoye yake cikin haɗari fiye da kowa. Ya kuma ce masu shan roci da diyazefam kada su kuskura su yanke lokaci ɗaya su kaɗai a gida, yana iya kawo farfaɗiya, sai a hannun likita ake ragewa a hankali.

Tsarin da nake kai yanzu ba wani mai ban mamaki bane. Na canza layin waya. Na ɗau watanni Yaya ne yake riƙe min kuɗin shago. Idan azumi ya raba tsakiya nake rufe karɓar ɗinki ko nawa za a biya, ƙarfe goma sha ɗaya na rufe shago, kuma duk yaron da yake aiki a ƙarƙashina ya sani ba a kwana a kan keke a wajena. Ranar asibiti bana fashi. Iyaye suna zuwa min a ɓoye, yawanci bayan isha'i, su ce ɗan wata ƙawarsu ne, ni kuma bana tona su, ina gaya musu akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati, manyan asibitocin koyarwa suna da sashen, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ma ba kamu kaɗai take yi ba tana da sashen ba da shawara da gyaran hali da layin waya na kyauta, kuma tun farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mara lafiya yana da haƙƙi, ɗaure shi da sarƙa ba jinya bace. Sannan ina roƙonsu su kula da abinda suke faɗa a tsakar gida idan yaron maƙwabta ya wuce, basu san wa yake saurare ba.

Maganar aure ta sake tasowa a wani gidan. Wannan karon ban jira bincike ba, na roƙi Kawu babba, shi ɗin dai da ya ce a kai ni gidan mari, ya je da kansa ya faɗa wa mahaifinta komai, abinda na sha da asibitin da na kwanta da komawar da na yi. Baban ya yi shiru, sannan yace yana son ya zauna da Yaya, kuma yana son a yi min gwajin fitsari a asibitin da shi zai zaɓa a ranar da shi zai zaɓa. Nace na yarda, 'yarsa ce yana da haƙƙi. An yi gwajin, an kai masa takardar, yanzu muna jiran abinda magabata za su yanke.